Haƙorin Ungozoma

A Bungudu, a shekarun da ake ta sarar daji ana cewa jirgin ƙasa zai iso Gusau, an yi wata ungozoma ana ce da ita Inna Saude. Gajera ce kakkaura, ga murya kamar ta mai shela. Rabin samarin garin a tafin hannunta suka faɗo, duk wanda kuwa ya yi mata tsaurin ido a hanya sai ta tuna masa irin kamannin da ya zo da su duniya. Aikinta ta iya shi, wannan ba mai musu. Aibinta ɗaya ne, ba ta son kuka. Mace na kan gwiwa, da ta ce wayyo sai Inna Saude ta daka mata tsawa: "Rufe mana baki! A kanki aka fara? Uwarki ta haife ki ko tarinta ba a ji ba."

Mijinta Malam Garba manomi ne, siriri, mai sanyin magana da son tsokana. Shekara talatin da wani abu suna tare, ita tana faɗa, shi yana dariya ƙasa-ƙasa.

Wata ranar Laraba bayan kaka, a gidan suna, Inna Saude na cin dafaffen wake sai ta tauna tsakuwa. Dama akwai wani haƙori can cikin matauni da ya daɗe da kogo, tana lallaɓa shi. Tsakuwar nan ta same shi a tsakiya. Ta ji abin har ƙwaƙwalwarta, amma da yake mata sun cika ɗakin, kuma yawancinsu ta taɓa yi musu tsawa, sai ta haɗiye waken da hawayen tare.

Kwana uku tana ɓoyewa. Ta daina cin goro, ta daina faɗa, abin da ya sa Malam Garba ya tabbata ba lafiya ba. A rana ta huɗu kuncinta na dama ya tashi kamar ta cusa ƙwallon goriba.

"Saude," in ji shi, "mi kika ɓoye a kunci? In abin ci ne a sam mini."

"Ba komi."

"To ba komin nan kullum ƙara girma yake."

Ta ɗaga muciya za ta jefe shi, zafin ya soke ta, ta saki muciyar ta dafe kunci. Daga nan asiri ya tonu.

Ranar ta dace da cin kasuwa. Malam Garba ya fita nema, ya dawo da wani mai magani da ya zo daga Tsafe, sunansa Dogo, da jakinsa da tarkacen goruna suna ta ƙwaram-ƙwaram. Dogo bai ko leƙa bakin ba ya ce tsutsa ce. Ya sa aka kawo garwashi a kasko da ruwa a ƙoƙo, ya barbaɗa wasu 'ya'yan itace a wutar, ya ce ta buɗe baki hayaƙin ya shiga. Ta yi ta tari, idanunta suna zuba. Can sai ya girgiza hannun rigarsa a kan ƙoƙon, ya yi kabbara.

"Ga su nan! Uku rigis!"

Inna Saude ta share ido ta duba. Tsutsotsi ne farare ƙanana suna motsi a ruwa.

"Wagga tsutsa ai na san ta," ta ce da gefen baki. "Ta cikin wake ce."

Dogo bai ko ƙifta ido ba. "To Inna, mi kika ci ranar da abin ya same ki?"

Wake kuwa ta ci.

Sai ya ɗauko wata 'yar gora, ya ɗiga wani farin ruwa mai kauri a kan auduga. Malam Garba ya tambaye shi ko mene ne a ciki, ya ce sirrin kakanni ne, in aka faɗa ya karye. Ya danna audugar a kogon haƙorin, ya ɗaure gorunansa, ya ce yana sauri kada rana ta yi masa a hanya.

Da farko kamar an samu sauƙi. Kafin la'asar bakin ya ɗauki wuta. Dasashin ya yi fari yana saluɓewa, leɓen ya kumbura ya tarar da kuncin. Malam Garba ya koma kasuwa da gudu, aka ce ai Dogo tun azahar ya kama hanyar Tsafe.

Washegari ya kira Jatau maƙeri, wanda kan taimaka wa mutane da cire haƙori in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Jatau ya shigo daga maƙera kai tsaye, da awartakin da yake riƙe ruwan fartanya da shi a wuta. Ya tofa masa yawu, ya goge a jikin warkinsa, ya ce, "Malam, kai ka danne ƙafafu, a samo wani ya riƙe kai." Inna Saude ta dubi awartakin, ta dubi warkin, ta shige ɗaki ta tokare ƙyaure da turmi. Ba ta fito ba sai da ta ji tafiyarsa.

Da ta fito, Malam Garba ya ba ta labarin wani wanzami a Gusau, Mas'udu, wanda fataken hatsi ke yabo. Sun ce yana cire haƙori mutum ya tashi yana sa masa albarka.

"Gusau ba wanda ya san ni?" ta tambaya.

"Ba kowa."

"To a ɗaura wa jaki akumari."

Da asuba suka kama hanya, ita a kan jaki ta lulluɓe har ido, shi yana kora. Duk wanda suka gamu da shi ya tambaya, sai Malam Garba ya ce amarya ya yi. Ba ta da bakin ramawa, sai dai ta kai masa shuri daga kan jakin. Rana ta take tsaka suka shiga Gusau, aka nuna musu gidan a bayan masu sayar da hatsi.

Matar gidan ce ta fito ta tare su a zaure, wata doguwa mai fara'a da goyo a baya. Tana yaye lulluɓin sai ta tafa hannu.

"Inna Saude! Ba ki gane ni ba? Wasila ce, ɗiyar Umaru na bakin kasuwar Bungudu. Ai ke kika karɓi haihuwata ta fari, da na je goyon ciki gida."

Inna Saude ta gane ta sarai. Wannan ce yarinyar da ta fi kowa ihu a shekarar, har sai da ta cusa mata bakin zane a baki. Ta jawo hannun rigar mijinta ta raɗa masa, "Malam, mu koma. Na warke."

"Jakin ya gaji," in ji shi.

Mas'udu mutum ne marar hayaniya, mai ɗan furfura a gemu. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake. Ya wanke hannunsa da ruwan ɗumi da sabulun salo har gwiwar hannu, ya durƙusa a gabanta.

"Inna, dubawa kawai zan yi. Ba abin da ke hannuna, kin gani. Kin yarda in taɓa?"

Ita a sana'arta ba ta taɓa tambayar kowa haka ba. Ta gyaɗa kai.

Ya duba a hankali, ya girgiza kai. Ya tambayi abin da aka sa, Malam Garba ya miƙa masa ragowar audugar da ya ƙulle a bakin rawani. Mas'udu ya sansana, ya jefa ta a murhu.

"Nonon tumfafiya ne. Wanga abu in ya faɗa ido yana iya makanta mutum, shi aka zuba miki a baki. Allah ya taƙaita da ba ki haɗiye da yawa ba." Ya sake wanke hannu. "Haƙorin ya tsage, fita zai yi. Amma ba yau ba. Ba ni cire haƙori a kan kumburi da ƙuna. Ku kwana uku nan."

Ya ɗauko kanumfari daga zabirarsa, ya nuna mata, ya jefa ɗaya a bakinsa ya tauna tana kallo.

"Duk abin da zan sa miki, sai na faɗa miki sunansa, kuma sai na fara sa shi a nawa bakin. Wanga kanumfari ne, irin wanda kike sa wa a yaji. Zai ɗan kashe zafin. Sauran kuwa gishiri ne a ruwan ɗumi, da ruwan bagaruwa, ki riƙa kurkurewa kina zubarwa."

Haka aka yi. Malam Garba ya sauka a zaure, Inna Saude a ɗakin Wasila. Ranar farko ko kunun da aka dama mata sai da ta sansana, tana jiran ta inda ramuwa za ta ɓullo. Wasila kuwa sai ta fifita kunun ya huce, ta gasa mata kunci da tsumma mai ɗumi, ta kawo ruwan gishiri safe da rana da yamma. A rana ta biyu kumburin ya fara sacewa, baki ya ɗan buɗe, Inna Saude ta kasa daurewa.

"Ke Wasila, ba ki riƙe ni a zuci ba?"

Wasila na tankaɗe, ta yi dariya. "Na riƙe ki, Inna, shekara biyu cur. Sai na zo haihuwa ta biyu a nan, a hannun wata mai daɗin baki da ba ta san komi ba. Tana ta yi mini sannu, ni kuwa ina ta tafiya lahira. Ran nan na ce ina ma Inna Saude ce, ko da zagin nata." Ta buga rariyar a tafin hannu. "Amma fa da kin bar ni na yi kukana, ba abin da zai ragu a jikinki."

Inna Saude ta ce ruwan gishirin ya huce, a ɗumamo mata wani.

A zaure kuma Malam Garba ya ja Mas'udu gefe ya kawo shawara. "Na san halin matata. In ka ce mata yanzu za a cire, sai ta haura katanga. Ka ce dubawa za ka yi, in ta hangame sai ka fizge."

"A'a, Malam," in ji Mas'udu. "Bakin da aka yaudara sau ɗaya ba ya sake buɗuwa. Kuma fizga ita ke karya haƙori a bar saiwa a ciki. Zan gaya mata gaskiya, in ta ƙi, haƙorinta ne."

Ran nan da hantsi, rana ta huɗu, Wasila ta ɗora sabuwar tukunya a murhu. Mas'udu ya kira Inna Saude ta ga abin da ake dafawa: wani ɗan awartaki siriri, bai fi tsawon tafin hannu ba, da wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki. Ya ce musamman ya sa aka ƙera masa su, ba sa taɓa komi sai haƙori, kuma ba sa shiga bakin kowa sai sun tafasa. Ta leƙa tukunyar ta daɗe, irin leƙen mai neman aibi, ba ta samu ba.

Ta ce sharaɗinta ɗaya, Malam Garba ya fita waje. Ya fita yana cewa shi dama jini ba ya yi masa daɗin gani, ya zauna a dakalin ƙofar gida.

Wasila ta zauna a tabarma ta jingina da bango, ta sa matashi a ƙirjinta, ta kwantar da kan Inna Saude a kai. Mas'udu ya kife ƙwarya a gefen hannun daman Inna Saude, ya ba ta ludayi.

"In kin ji ba ki iyawa, ki buga. Ina ji zan tsaya."

Bai rufe baki ba ta buga, ƙwam!

"Inna, ban ko zauna ba."

"Gwadawa nake."

Ya zauna, ya dasa mata dakakken kanumfari a gindin haƙorin, suka jira har wurin ya yi dum. Ya miƙa hannu ga awartakin. Ƙwam! Ya janye hannu, ya jira. Ta ce tana son ta sha ruwa. Aka ba ta. Ya sake miƙa hannu. Ƙwam! Ta ce matashin ya karkace. Aka gyara. Ko sau ɗaya bai nuna ƙosawa ba, har ita da kanta ta fara jin kunya.

"Gaya mini gaskiya," ta ce. "Da zafi?"

"Da zafi. Kanumfari yana ragewa ne, ba ya hanawa. Amma bai wuce tsawon Ƙulhuwallahu uku ba. Zan girgiza shi a hankali har ya saki, ba zan fizga ba."

Wasila ta sunkuyo ta dafa mata goshi. "Inna, in kuka ya zo ki sake shi. Nan Gusau ce."

Inna Saude ta yi bisimilla, ta ajiye ludayin da kanta, ta buɗe baki.

Ƙulhuwallahu ta farko ta daure. A ta biyu wani gurnani ya fara fita. A ta uku kuwa ta saki wata irin ƙara da ta tashi kajin gidan, ta sa jakinsu da ke ɗaure a waje ya amsa. Wasila ta rungume kanta tana faɗi da ƙarfi, "Daure, Inna! Ya taho! Saura kaɗan! Ga shi nan, ga shi nan! Ya fito! Alhamdu lillahi, ya fito lafiya lau!"

Darni ɗaya ne ya raba gidan da na wata tsohuwa, Rabi, wadda ba abin da ke wuce kunnenta. Ta ga an kawo baƙuwa a lulluɓe a kan jaki, ta ga kwana uku ana ɗora ruwan zafi, yau kuma ga ƙara, ga "ya fito lafiya". Ba ta tambayi kowa ba ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Gida na gaba ya karɓa, na gaba da shi ma ya karɓa.

Malam Garba na zaune a dakali sai ya ga maza suna tasowa daga rumfunan hatsi, ana miƙo masa hannu.

"Barka, Malam! An sauka lafiya?"

Ya dube su, ya dubi ƙofar gida, ya gane abin da ya faru. Ya gyara zaman rawaninsa.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Ikon Allah! Da girma haka! Mi aka samu?"

"Namiji ne. Sai dai ya zo da tsufansa, kuma da rami a ka."

Suka yi salati, wani dattijo ya ce ba komi, Allah ya raya, rami yana cikewa.

A ciki kuwa Mas'udu ya danna wa Inna Saude tafasasshiyar auduga a gurbin, ya ce ta cije, kada ta yi magana ko ta tofa yawu sai jinin ya tsaya. Yana cikin faɗa mata haka Rabi ta faɗo gidan da ƙwaryar kunun kanwa, mata biyar a bayanta. Suka tsaya cirko-cirko. Mai jegon da suka tarar ta girmi yawancinsu, ga furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali.

"Ina jaririn?" in ji Rabi.

Wasila ta kasa magana don dariya. Ta miƙa mata ƙoƙon da haƙorin ke ciki, baƙi, da saiwa uku, kowace ta kama gabanta. Rabi ta duba, ta duba Inna Saude, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Matan nan suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Wata ta ce kamarsu ɗaya da uwar, wata ta tambaya yaushe ne suna. Inna Saude, wadda a Bungudu kallo ɗaya take yi mata su watse, ga ta da auduga a baki, ba halin ko uffan. Ta lalubo ludayin ta yi ta dukan ƙwarya, ƙwam, ƙwam, ƙwam, su kuwa suka ɗauka kiɗa ne, wata ma ta taka rawa.

Da la'asar jinin ya tsaya. Mas'udu ya duba gurbin, ya ce ba abin da ya saura a ciki. Ya ce kwana bakwai ba goro, ba tauna a wannan gefen, daga gobe ta ci gaba da ruwan gishiri a hankali, in ta ji zazzaɓi ko wari a dawo da ita ba tare da jinkiri ba. Kunun kanwar Rabi kuwa ba a mayar ba. Aka bari ya huce, Inna Saude ta shanye shi tas, ta ce kanwar ta yi yawa, amma ba laifi. Ta yi barcin da rabonta da irinsa tun ranar sunan nan.

Da za su tafi da safe ta riƙe hannun Wasila ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce in ciki ya sake samuwa a aiko mata, ko da damina ce za ta zo. Ta juya ga Mas'udu ta ce Allah ya yi wa hannunsa albarka, sannan ta tambaye shi inda ake samun irin sabuwar tukunyar nan, don ita ma askarta ta yankan cibi za ta riƙa shiga ruwan zafi.

A Bungudu ta gaya wa mata cewa an cire haƙorin ko uhum ba ta ce ba. Malam Garba yana gefe yana gyaran igiyar jaki, aka tambaye shi, ya ce shi a waje yake, bai ga komi ba.

Sai dai ranar kasuwa ta zagayo, fataken hatsi suka zo daga Gusau. Tun daga nesa ɗaya daga cikinsu ya hango Malam Garba a rumfar masu dawa, ya ɗaga murya: "A'a, angon ƙarni! Ya mai jego? Ya ɗan tsoho?" Mutanen Bungudu suka kewaye bafataken suna tambaya, shi kuwa ya sauke buhunsa ya zauna a kai, ya ba su labarin tun daga kukan jaki. Sunan nan ya bi Malam Garba har ƙarshen ransa, kuma duk wanda ya kira shi da shi, amsawa yake da fara'a, ya ce yaro yana nan lafiya, sai dai har yanzu bai fara tafiya ba.